Makara Ba Ta Iya Juyawa a Kan Gadarku

Zuwa ga Injiniyan da ya tsara sabon titinmu,

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe. Ina gaisuwa tare da fatan kana lafiya, kai da iyali. Ban san sunanka ba, amma aikinka kullum a gabansa nake yini. Ni mai facin taya ne a bakin titi nan Gyaɗi-Gyaɗi. Karatuna bai yi nisa ba, a yi haƙuri da rubutun.

Na farko, sai na yaba. Wallahi a kan idona aka yi aikin nan tun daga haƙa. Ranar da motar ƙugiya ta ɗaga wani dogon kankare ta ɗora shi a kan ginshiƙai, ya zauna daram kamar dama can a wurin aka halicce shi, na manta da tayar da ke hannuna, ina ta tasbihi. Mutum ne fa ya zauna ya zana wannan da biro! Da can motar asibiti sai ta maƙale a cunkoso tana ta jiniya, mu kuma muna yi wa na ciki addu'a. Yanzu kafin ka ɗago kai ta wuce. Allah ya saka.

Na biyu shi ne dalilin wasiƙar. Kun raba tsakiyar titi da kankare, kun ɗora shingen ƙarfe, kuka yi mana gadar tsallakawa mai matakala. Ita ma kyakkyawa ce. To amma yallaɓai, gidajenmu suna wannan tsallake, maƙabartarmu tana wancan. Mu a layinmu a kafaɗa muke kai mamaci, wannan ya ɗauka ya ba wancan, kowa ya samu lada.

Bayan ƙaramar sallah Malam Ɗanjuma, aminin mahaifina, ya rasu. Muka hau gadar da shi. Matakalar tana da kwana a tsakiya, makara kuwa doguwa ce, ba ta lanƙwasa. Muka gwada ta gaba, muka gwada ta gefe, har gawar ta fara zamewa. Muka sauko. Ƙarshe ta saman shinge muka miƙa shi hannu da hannu kamar buhu, motoci suna hon. Ban zargi direbobin ba, titin ne ya ce musu su yi gudu.

Mahaifina, Baba Ilu, tun ina yaro ba a yi jana'iza a unguwar nan bai raka ba. Ranar nan gwiwarsa ta ƙi matakala, shinge kuma ya fi ƙarfinsa. A bakin rumfata ya tsaya da sandarsa yana kallo har aka ɓace da amininsa. Da na dawo bai yi kuka ba. Ya dai roƙe ni, idan tasa ta zo, kada in bari a jefa shi ta kan shinge. Na ce masa to. Har yau ban san yadda zan cika wannan to ɗin ba.

Na uku, roƙona. Ba na so a taɓa gadar. A buɗe mana ƙofa guda a shingen, daidai faɗin mutum huɗu da makara, a sa danja a wurin. Tsofaffi da masu keken marasa lafiya ma za su bi. Wanda ya iya rataye kankare a sama, na yi imani ƙofa ba za ta gagare shi ba.

Ni mai haƙuri ne, ina nan bakin titi, zan jira. Amma Baba jikinsa ya fara sanyi, kuma ba na jin zai iya jira kamar ni.

Allah ya ƙara maka basira, ya tsare iyalinka. Ranar da taka ta zo, bayan tsawon rai, Allah ya sa a kai ka a kafaɗa, a miƙe, babu abin da ya tare hanya.

Wassalam.

Sabi'u mai faci,
Gyaɗi-Gyaɗi, Kano.