Ƙwan Kififiya Ashirin da Uku

Litinin, 15 ga Afirilu

Shugabanmu Dokta Édouard ya faɗa a taro: mutum ɗaya zai riƙe aikin kififiya a tafkin Lagdo daga Satumba. Ni ko Hidaya. Shekara shida ina bin kififiyar kogin Binuwai, digirina na biyu a kanta na yi. Hidaya watanta takwas da zuwa, kuma kifi ta karanta. Amma masunta “Uwar kififiya” suke ce mata. Ni kuwa “Madam mai safar hannu”.

Alhamis, 18 ga Afirilu

Lagdo. Zafi ba magana. Baba Adoum, babban masunta, ya kawo kififiyar da ta faɗa komarsa. Ya wuce ni ina tsaye da ma'auni, ya miƙa wa Hidaya: “'Yata, ga baƙuwarki.” Minti goma tana gaishe shi da Fillanci, har awakinsa sai da ta tambaya. Ni na yi masa bayani cewa kififiya na cin mushe, ita ke share masa ruwan da yake kamun kifi. Ya ce, “To Madam, Allah ya ƙara ilimi.”

Asabar, 27 ga Afirilu

Da Hidaya za ta yi mini rashin kunya sau ɗaya, da na huta.

Talata, 7 ga Mayu

Ruwa ya fara tasowa. Baba Adoum ya nuna wa Hidaya ramuka huɗu a kan yashi inda kififiya ta binne ƙwai. Shekara shida bai nuna mini ko ɗaya ba. Za ta kwashe ƙwan zuwa tudu, a kewaye da waya saboda guza. Édouard ya ce dabara ce mai kyau. Sau biyu ya faɗa.

Laraba, 8 ga Mayu

Ƙwan kififiya ba na kaza ba ne. In ya kwana biyu a rami, ɗan ya riga ya manne ta sama. Ka juya shi, ka kashe shi. Shi ya sa ake ɗiga fensir a saman kowanne kafin a ɗaga. Duk wanda ya karanta ya sani.

Ina tsaye Hidaya ta tone ramin farko. Tana ɗaukarsu ɗaya-ɗaya, tana jujjuya su tana goge yashi da bakin mayafinta. Ashirin da uku. Fensir na cikin aljihuna.

“Yaya Sadiƙa, kin ga kyansu?”

Na ce na gani.

Alhamis, 9 ga Mayu

Na miƙa mata fensir kafin rami na biyu, na ce jiya mantawa na yi. Ta daɗe tana kallon tudun. “Na jiya fa?” Na ce mu jira. Ta yi mini godiya har sau uku. Abin haushi.

Talata, 9 ga Yuli

Ramuka uku sun ƙyanƙyashe, 'ya'yan ko tafin hannu ba su cika ba, sai gudu suke zuwa ruwa. Ramin farko wari kawai. Hidaya ta zauna a yashi tana kuka, tana cewa da hannunta ta kashe su. Baba Adoum kuwa ni ya kalla.

Édouard ya ce ni zan rubuta rapor, wato rahoton aikin, da dalilin asarar. Daga shi zai yanke wadda za ta riƙe Lagdo. Abin da na jira ke nan, ko ba haka ba?

Juma'a, 12 ga Yuli

Garwa. Na miƙa rapor. A wurin dalili na rubuta an juya ƙwan wajen kwasa. Na so in tsaya nan. Sai na ƙara: ina wurin, na san illar, ban yi magana ba.

Édouard ya karanta, ya cire tabarau, ya ce ranar Litinin za mu yi magana.

Ba don Hidaya ba ne. Ba na son rapor mai giɓi, shi ke nan.