Hannuna a Bakin Majigi

Litinin, 9 ga Mayu, 1977

Fim ɗin tarihi ya iso ta jirgin ƙasa, cikin gwangwanayensa. Ni na yi ta roƙon a aro mana shi, don 'yan aji huɗu su ga cinikin bayi da idonsu. Da rana muka rufe tagogi da barguna, ni da Malam Leonard mai koyar da kimiyya, muka fara dubawa. Ban iya cin abinci ba.

Talata, 10 ga Mayu

Na gano abin da ya tsorata ni. Mai ɗaukar hoton ya ajiye kyamararsa ƙasa, daidai tsayin yaro. Ƙafafu kake gani, da igiya, da hannun da ke jan igiyar. Bai taɓa nuna fuskar masu kamun ba. To, kowace yarinya za ta sa wa hannun nan fuskar da ta ga dama. Yawancinsu da labarin harin Hausawa masu kamun bayi aka raine su a ƙauye. Kuma ga Raliya, Bahaushiya ɗaya tilo a ajin, 'yar masu goro a kasuwa.

Leonard ya ce, "Ki tare bakin majigi da hannu a wurin bulalar, yadda Sistocin mishan ke yi in an zo wurin sumba a fim."

Alhamis, 12 ga Mayu

Na tare. Bango ya yi baƙi, amma sautin bai tsaya ba. Bulala, numfashi, bulala. Ashe duhun ya fi hoton muni. Afiniki, wadda ke zama benci ɗaya da Raliya, ta ce, "Malama, cire hannu mu gani, don Allah." Tafina har ya yi zafi. Na cire.

Fuskar wata mata ce ta cika bangon. Ba ta kuka, kallonmu kawai take yi, kyamarar kuma ta ƙi kau da kai.

Da aka buɗe tagogi, wata 'yar ajin, Paulina, ta juya: "Raliya, kakanninku ne." Afiniki ta ɗan ja jikinta gefe. Ni da nake da amsar komai, na tsaya ina naɗe wayar majigi.

Juma'a, 13 ga Mayu

Raliya ba ta zo ba. Ya Yesu, me na jawo?

Asabar, 14 ga Mayu

Na je gidansu. Kakarta, Iya A'i, tana zaune tana tsince goro. Na durƙusa na ba da haƙuri. Ta ce, "Malama, matso." Ta ja leɓenta na ƙasa. Tsohon huji ne da ya toshe, irin na kakata a garinmu, Fadan Kagoma.

"Ina yarinya masu hari suka ɗauke ni a gona. Ko sunan garinmu ban riƙe ba."

Raliya tana bakin ƙofa. Ta sani tun tuni, ba ta taɓa gaya wa kowa ba.

Tsohuwar ta ce a kai ta ta ga matar bangon nan. Na ce to, don ban san yadda ake ƙi ba. Ina tsoron Litinin.

Litinin, 16 ga Mayu

Ta zo, riƙe da kafaɗar Raliya. Da aka kai wurin ƙafafun, ta ce da ƙarfi, "Mai hoton nan ya tsuguna daidai. Haka ake gani." A wurin bulalar, Leonard ya dube ni. Ban tare ba.

Da haske ya dawo, Paulina ta daɗe tana kallon leɓen tsohuwar. Sai ta gaishe ta da yaren ƙauyensu. Iya A'i ta girgiza kai, ba ta gane ba, amma ta ce, "Sake faɗi, jikata."

Paulina ba ta ba Raliya haƙuri ba tukuna. Afiniki dai ta ɗauke jakarta daga tsakaninta da Raliya, ta mayar da ita gefen benci. Na ce wa Leonard kada ya yi saurin mayar da gwangwanayen. 'Yan aji uku ba su gani ba.