Barguna a Bangon Sito

Litinin, 4 ga Agusta

Auta ya kwashe sito yau. Duk tarkacen marigayi babansu ya fitar tsakar gida, tsohon keke, gwangwanayen fenti, akwatin nan mai karyayyen marfi. Wai a nan zai yi situdiyo. Sai da na sa ya maimaita mini kalmar kafin na iya rubuta ta. Ɗakin haɗa kiɗa ke nan da ɗaukar muryar mawaƙa.

Ban hana ba. Yayyensa duk sun watse, shi kaɗai ya rage mini a gidan nan. Ga abokinsa can wani gari kullum yana kiransa, wai ya tattaro kayansa su haɗa shago. In sito ne zai riƙe mini shi, ya ɗauka.

Amma kiɗa fa. Yaron da ya fi kowa karatu a danginmu. Me zan ce wa mutane?

Laraba, 6 ga Agusta

Tun safe Auta yana tsaye a tsakiyar sito, ba komai a ciki, yana tafi. Ya tafa, ya karkata kai, ya matsa gefe, ya sake tafawa. Sai ga maƙwabciyata Maman 'Yan Biyu ta shigo aron rariya. Ta leƙa ta taga ta dawo tana zare ido.

"Maman Auta, lafiya yaron nan kuwa? Wa yake yi wa tafi?"

Na ce sauro yake kashewa. Ta ce, "To sauron gidanku da yawa yake." Ta fita tana dariya, ni kuwa ji na yi kamar in nutse.

Da ta tafi na tambaye shi. Ya jawo ni ciki ya ce, "Umma, saurara." Ya tafa. "Kin ji ya dawo? Bango ne ke mayar da shi. In na ɗauki murya a haka, sai ta fito kamar daga cikin rijiya." Na ji ɗin. Na ce ya riƙa rufe taga dai.

Asabar, 9 ga Agusta

Kaya sun shiga. Kafinta ya kawo tebur. Sifika biyu baƙaƙe, kwamfuta, wayoyi kamar saiwar bishiya. Na zaci zai jingina teburin a lungu yadda kowa ke yi. Ina! Ya janye shi daga bango, ya bar fili a baya, fili na banza wanda ko tsintsiya ba ta shiga da daɗi.

Sai barguna. Ya tattara duk tsofaffin bargunan gidan nan, har da wanda dutsen guga ya ƙona da mai ramin ɓera, shi da kafinta suka kafe su a bango. Ba a jere ba ma, ɗaya nan ɗaya can. Tsohuwar katifarsa ya raba gida-gida ya tsayar a kusurwoyi, soso duk a waje, ya yi ja don tsufa. Ɗakin ya koma kamar na wanda gobara ta cinye wa kaya aka taimaka masa da ragowa.

Wuni ya yi yana sa guntun kiɗa guda, ya matsar da sifika kamar faɗin yatsa, ya zauna, ya tashi, ya sake matsarwa. Da ya gamsu ya zana wurin komai da alli a ƙasa, ya rubuta HAGU, DAMA, KUJERA. Da kaina na karanta, ban tambayi kowa ba. Malamarmu ta ajin manya da ta gani da ta ji daɗi.

Shi murna yake. Har rawa ya taka mini. Ni kuwa bargon nan mai ƙuna nake kallo, yana daidai saitin ƙofa.

Talata, 12 ga Agusta

Mai kanti ya tambaye ni aikin da Auta ke yi yanzu. Na ce aikin kwamfuta. Ai akwai kwamfutar.

Alhamis, 14 ga Agusta

Gwaggonsu ta bugo, gobe za ta zo ta wuni. Yayar babansu ce, kuma tun rasuwarsa in ta zo sai ta shiga kowane ɗaki, ta shafa yatsa a kan taga ta duba. Ba ta faɗa. Sai dai ta ce "Allah sarki, ɗan'uwana," ta yi shiru. Wannan shirun ya fi zagi.

Auta kuma gobe zai fita tun safe aron makirufo a can ƙarshen gari. Jibi wani mawaƙi da suke kira Dogo zai zo. Shi ne mutum na farko da ya yarda ya ɗauki waƙa a nan, kuma daga nan tafiya zai yi. Auta ya ce in wannan ta yi kyau, sauran za su biyo.

In Gwaggo ta ga katifar nan me za ta ce?

Juma'a, 15 ga Agusta



Auta na fita na shiga sito. Da farko bargon nan mai ƙuna kawai na yi niyyar cirewa. Da na cire sai wurin ya yi fari, sauran suka ƙara muni. Na cire duka. Da na ga ƙurar da ke jikinsu na jiƙa su a baho na wanke na shanya. Katifa na ja ta bayan kicin. Na tura tebur lungu, na jera sifikokin a kai gefe da gefe, na yafa musu ɗan farin ƙyalle mai ado. Na rataya labulen falo. Na wanke ƙasa da sabulu, fes. A raina na ce kafin ya dawo zan mayar da komai, ai bargo bargo ne, ƙusa ƙusa ce.

Gwaggo ta zo. Ta shiga, ta shafa taga, ta duba yatsa. Ta ce, "A'a, Auta ya yi ofis! Kai madalla. Haka ake so." Na ce ofis ne, Yaya. Wallahi daɗi na ji. Wannan ne ya fi ci mini rai yanzu, daɗin da na ji.

Muna cikin hira hadari ya taso. Ban iya tashi na bar ta na je kwasar tsummokara a gabanta ba. Ina zaune ina jin ruwa yana dukan barguna da katifa, ina ce mata ta ƙara shayi.

Ta tafi da la'asar, Auta ya shigo da makirufo a jaka yana waƙa. Ya tsaya a bakin ƙofar sito. Ya daɗe. Sannan ya shiga tsakiya ya tafa sau ɗaya. Ɗakin ya amsa, tas, har da wata 'yar ƙara a baya.

"Umma, ina bargunan?"

Na nuna igiya. Ruwa na ɗiga daga jikinsu.

Ya dubi ƙasa. "Kin ga rubutun da na yi?"

Da can ne sai in ce ban iya karatu ba, zane na gani na goge. Yanzu ba ni da wannan mafakar. Na karanta HAGU, na karanta DAMA, na sa tsumma a kai. Na ce, "Na gani."



Asabar, 16 ga Agusta

Dogo ya zo. Yaro mai ladabi, har ƙasa ya gaishe ni. Auta ya rataya zannuwan gado a madadin barguna, amma ba su da kauri. Ina kicin ina jin baiti guda ana maimaitawa, a tsaya, a sake. Can na ji Dogo yana dariya: "Malam, a banɗaki muke ne? Ji muryata kamar ina wanka!" Auta bai yi dariya ba.

Kafin azahar Dogo ya fito. "Mama, sai wani jiƙon, Allah ya ƙara lafiya." Na amsa ban ɗago ba.

Abincin Auta na nan a rufe yadda na ajiye.

Lahadi, 17 ga Agusta

Ya kira abokin nan nasa. Na ji ya ce "ƙarshen wata."

Laraba, 20 ga Agusta

Ya kawo kwalaye daga kanti, ya fara naɗe wayoyi yana zubawa. Yana gaishe ni, yana ɗebo mini ruwa, komai cikin ladabi. Da ma faɗa ya yi.

Na same shi na ce, Auta, ka yi haƙuri da maganar bargunan nan. Ya ce, "Ba komai, Umma." Na ce da komai. Sai ya ajiye wayar hannunsa.

"Ba bargunan ba ne. Bargo zai bushe. Kin ce wa Maman 'Yan Biyu sauro nake kashewa, ina ji. Mai kanti ya ce in zo in gyara masa kwamfuta. Gwaggo ta bugo tana yi mini murnar ofis. Kunyata kike ji, Umma. Gara in je inda ba sai kin riƙa ɓoye ni ba."

Na buɗe baki in ce ƙarya ne. Ba ƙarya ba ne. Na fito.

Ni da na zauna aji da furfurata ina haɗa baƙi, yara na leƙe suna dariya, wa ya raka ni ranar farko? Shi. Har ƙofar aji, yana riƙe da jakata, bai sunkuyar da kai ba.

Asabar, 23 ga Agusta

Barguna sun bushe. Katifa kam ta ruɓe, wari take, an jefar.

Da Auta ya fita sayen burodi na ɗauki guduma na hau kujera na fara kafe bargo. Ya dawo ya same ni a sama.

"Umma, sauko kar ki faɗi. Ba nan ba ne ma."

Na ce to ina ne? Bango ai bango ne. Ya ce a'a, akwai inda sauti ke fara dukan bango kafin ya dawo kunne, nan ake rufewa. Da madubi ake nemowa, kuma sai mutum biyu. Wancan karon kafinta ne ya riƙe masa. Ya ce, "Bar shi kawai, ai tafiya zan yi."

Na ce, "Ni ba mutum ba ce?" Na je na ciro madubin ɗakina.

Ya janyo tebur, ya daidaita sifikoki, ya zauna a kujera. Ni kuma na manna madubi a bango ina ja a hankali. Duk inda ya hango sifika a cikin madubin sai ya ce "tsaya," ya zo ya yi alama. Ashe shi ya sa suke ɗaya nan ɗaya can.

Muna cikin haka Maman 'Yan Biyu ta yi sallama, kafin in amsa har ta iso ƙofa.

"Ikon Allah! Yanzu kuma madubi? Bangon ne zai yi kwalliya?"

Fuskata ta ɗau zafi. Hannuwana suna sama, ba halin saukewa, alamar za ta ɓace. Na ce, "Inda sauti ke dukan bango muke nema. Kiɗa yake haɗawa, mawaƙa na zuwa ɗaukar murya." Ta ce "Au," ta ja shi da tsawo, ta dube ni sama da ƙasa.

Auta ya ce, "Umma, matsa gaba kaɗan."

Litinin, 25 ga Agusta

Labari ya kai wa Gwaggo, ban san ta ina ba. Ta bugo mini waya. "Ashe makaɗi kika rainar wa ɗan'uwana. Allah sarki." Ta yi shirun nan nata. Da ta kashe na shiga ɗaki na yi kukana. Har yanzu in na tuna sai in ji kunnuwana sun yi zafi.

Barguna sun koma wurinsu, amma kwalaye na nan a jere. Ya ce aikin banza ne in babu abu mai kauri a kusurwoyi, nan ƙarar ganga ke taruwa tana gurnani. Katifar ce ke shanye ta. Katifar da na kashe.

Alhamis, 28 ga Agusta

Zare na je saya kasuwa. Zare kawai. Hanya ce ta bi da ni ta gaban masu yin katifa, na ga ragowar soso jibge a gefe, manya-manya masu kauri. Na ce a ɗaure mini, zan yi matasan kai. Mai mota ya ce ba zai shiga ba, sai na ɗora a ka.

Da rana tsaka, tun daga bakin titi har gida. Ƙunshin ya fi ni faɗi. Mai kanti ya fito ya tsaya. Matan layinmu ana ta leƙe. Wata ta ce, "Maman Auta, kayan makaɗa ne?" Na ce ta matsa mini hanya, nauyi gare shi. Zufa har cikin idona, ban san ko ta zafi ce ko ta kunya ba.

Na sauke a ƙofar sito don nan ne inuwa. Ai sun yi wa matashin kai girma, da na duba.

Ina kwance ina jin wuƙa na yanka soso. Can Auta ya leƙo.

"Umma, kina da zane mai duhu da ba kya so? In rufe su, kar su yi muni."

Na ce ya bar su haka in ya ga dama, wa zai gani. Ya yi dariya. Na ba shi shuɗin nan. Sabo ne, amma launin bai taɓa yi mini ba.

Ya juya zai fita ya ce, "Dogo zai dawo tsakiyar watan gobe. Ya ce a sake gwadawa."

Watan gobe.

Na ce ya share guntayen soson nan daga ƙofar ɗakina, iska na shigo mini da su.