Fuskata da Katin Auren Raliya

Zuwa ga Yaya Yalwa,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fata kina lafiya ke da yara da jikoki, kuma ciwon gwiwar nan ya yi sauƙi. Allah ya ƙara lafiya, ya jiƙan magabatanmu. Mu nan Guangzhou sai godiya.

Yaya, kin san ni. Da takardar sakandare kaɗai na bar gida, ba wanda ya riƙe mini ko jaka. Na yi dako a kasuwar Kwari, na zo ƙasar nan ban san ko sannu da yarensu ba, yau shekara goma sha tara. A bakin kasuwa na koyi yaren, ni na buɗe ofishina a titin Huanshi Lu, masana'antu uku a garin Shiling suna ɗinka jakunkuna da tambarina. Ban taɓa neman shawarar kowa ba, kuma halin nan ne ya jawo abin da zan faɗa miki.

Maiɗakina Saffana ta ce tun ranar da muka yi waya ta bidiyo kuka ga bakina a karkace, kun yanke cewa shanyewar ɓarin jiki ce ake ɓoye muku, har kun shirya sa sunan ƙaninmu Lukman a katin auren Raliya, 'yar marigayi Yaya Ƙasimu, a matsayin waliyyi don kada a wahalar da ni. Na gode da tausayi, amma ba shanyewa ba ce. Aiki aka yi mini a fuska, kuma da ƙafata na kai kaina.

Yanzu ciniki a waya ake yi. Kullum ina gaban kyamara ina ɗaga jaka ina nuna wa 'yan Kano da Maraɗi. Rannan wata mai saye ta rubuto mini wai, Baba, ka je ka huta ka bar wa yara. Na yi dariya, amma maganar ta zauna mini. Wani mai masana'anta da ya girme ni, fuskarsa kuwa kamar ta ɗan arba'in, shi ya nuna mini asibitin da ake jan fatar fuska a ɗinke ta wajen kunne. Ko Saffana sai da aka gama ta sani.

Da kumburi ya saɓe, sai girar hagu ta ƙi ɗagawa, leɓe ya ja gefe, ido ba ya rufuwa sosai, kuncin kuma kamar ba nawa ba. Likita ya ce jijiyar da ke motsa fuska ce ta taɓu, ba ta tsinke ba, za ta dawo amma sai an yi watanni, kuma kada in ɗora komai a wurin. Ni kuwa sai na tuna yadda Inna take gasa mana targaɗe. Na tafasa ruwa, na tsoma tawul, na danna a kunci. Ban ji zafi ba, na ce ruwan bai yi ba, na ƙara. Saffana ce ta shigo ta fizge tawul ɗin, fatar ta riga ta tashi. Tabon nan za ku gan shi, ba na likita ba ne, nawa ne.

Yau sati goma sha ɗaya da yin aikin. Ina ɗiga magani a ido, in zan kurkure baki a alwala sai na tare leɓe da yatsa. Makon jiya na fara jin kamar tururuwa na tafiya a kuncin, likita ya ce jijiyar ce take farkawa. Zaman gaban madubi ya sa ni tunani, Yaya. Layukan tsufan da na kai aka goge, irin na Baba ne sak, ke ma kin sha faɗa. Fuskarsa na kai aka gyara saboda maganar wata da ban taɓa gani ba. Na nemi gafarar Allah, kuma ina nema.

Amma waliccin Raliya ba zan bari ba. Kina tsaye a wurin ranar da marigayi Yaya Ƙasimu ya ɗora hannunta a nawa tana 'yar shekara huɗu, na ce masa ni zan aurar da ita. Kullum bayan asuba ina maimaita kalmomin bayar da aure a gaban madubi, da farko suna zubewa ta gefen baki, yanzu Saffana ta ce suna fita tsaf, ita kuwa ba ta iya lallashi ba. Zan zo da tabona in zauna a gaban liman. Wanda ya tambaya ki gaya masa gaskiya. Gara a yi mini dariya a zaure da a ce na kasa cika wa mamaci alkawari.

Ki gaishe da Ummu Salma da Amira, da Lukman, ki ce ban riƙe shi da komai ba. Ki ce wa Raliya ta kwantar da hankalinta. Kafin katin nan ya je wurin masu bugawa, a cire abin da aka sa, a rubuta sunana cikakke a gurbin waliyyi: Alhaji Sharfaddeen Abdulgani.

Ƙaninki,
Sharfaddeen