Wadda Ke Yi Maka Kuka da La'asar

Zuwa ga yayana, Hamma Sule,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta addini da ta zumunci, ina fatan kana cikin rahamar Ubangiji, makwancinka a yalwace kuma da sanyi. Sanyin nan da gangan na roƙa maka, don ka san Azare. Bazara ta sake zagayowa, gari kamar an kifa mana tukunya. Na san wasiƙa ba ta isa inda kake. Zan ajiye ta a shafina inda abokanka ke leƙowa, su karanta su yi maka addu'a. Amma da kai nake magana, kuma labarin karnukanka na zo ba ka.

Ka tuna ranar da ka kawo su daga Jos? Inna tana tankaɗe a tsakar gida, ka ajiye kwali mai huji-huji a gabanta ka buɗe. Kawuna biyu suka leƙo, gashi buzu-buzu, idanu shuɗi kamar an ɗiga musu bula. Inna ta saki rariya ta ce, "Innalillahi! Sule, 'ya'yan aljanu ka kwaso mana?" Ni kuwa ban tsaya jin amsa ba, sai ganina aka yi a kan turmi. Ka yi ta dariya har kana riƙe ciki.

Ka ce sunan irinsu haski, ƙasarsu can ƙarshen duniya inda ruwa ke daskarewa, kuma a can su ke jan kaya a kan ƙanƙara, yadda shanu ke jan amalanke a Sakwa. Na ce maka to me ya haɗa kifi da kaska? Ka ce kiwonsu za ka yi, su hayayyafa, manyan Bauchi da Kano su riƙa layi a ƙofar gidanmu. Ka sa wa namijin Girgije, macen kuma Ƙanƙara.

Da limamin unguwa ya tare ka da maganar ajiye kare a gida, ka ce masa na gadi ne. Allah ya yafe maka wannan, Hamma. Karen da baƙo zai shigo ya je ya kwanta masa a ƙafa yana neman susa? Ko haushi ba su iya ba. Abin da suka iya shi ne kuka. Su ɗaga baki sama su ja shi dogo, har sai tsikar jikin mutum ta tashi. Suna yi in motar jiniya ta wuce, suna yi kullum da la'asar, da zarar sun jiyo babur ɗinka tun daga kwanar layinmu. Da kukansu muke sanin a zuba maka ruwa a buta.

Ban taɓa ganin ɗan'adam ya yi wa dabba bauta irin wadda ka yi musu ba. Ka kafa musu rumfa a bayan gida ƙarƙashin bishiyar maina, nesa da ɗakuna don hankalin Inna ya kwanta. Ka sa aka kawo yashin kogi daga Katagum aka shimfiɗa, kana jiƙa shi safe da rana. Ka binne randa a gefe don ruwansu ya yi sanyi. Fankar solar da ke ɗakinka ka cire ka kai musu, kai kana kwana kana fifita da murfin kwali. Allurar rigakafinsu ba ta wuce rana, kai kuwa sai an yi da gaske kake shan maganin zazzaɓi.

Sai taje gashi. Ka zauna a kan tabarma da matajin ƙarfe, gashi yana tashi kamar audugar rimi, har cikin miyar Inna. Ina daga nesa ina yi maka tsiya, ka ce, "Dije, zo ki gani. Riga biyu gare su. Ta ciki ita ake tajewa ta zube, ta waje ita ce laimarsu. Ko me zafi zai yi, kada a aske." Na ce maka wanda zai iya matsawa kusa da su shi ya kamata ka gaya wa.

Bara war haka ka dawo daga sayen riɗi a kasuwar Sakwa kana dafe da ƙeya. Ƙanƙara ta yi maka kukanta na kullum, ka shafa kanta ka wuce ɗaki ba ka ko ci abinci ba. Wuya ya sanƙare, aka kai ka asibiti, ba ka dawo da ƙafarka ba.

Kafin a dawo daga maƙabarta magana ta zagaye unguwa. Wai karyar nan ta gani, ita ta kira. Wai ruwa ba ya tsami banza. Kukan da ta daɗe tana yi kowace la'asar ba tare da ko kaza ta mutu ba, babu wanda ya tuna da shi. Na ranar kaɗai suka riƙe.

Inna ba ta zubar da hawaye ba, Hamma. Tun a asibiti mata suka kewaye ta suna cewa, "Haƙuri, Hajiya, kada ki yi masa kuka, azaba ce ga mamaci." Ta haɗiye. Ta zauna da carbi a hannu, duk wanda ya yi mata gaisuwa ta ce, "Alhamdulillahi, wanda ya ba ni ya karɓa." Aka yi ta yabon tawakkalinta. Ni da nake kwana kusa da ita na san ko barci ba ta yi.

Cikin kwanakin zaman makoki Baffa Umaru ya zo daga Hardawa. Ka san shi da tausayin dabba, mutumin da ba ya cin tuwo sai shanunsa sun sha ruwa. Ya zagaya baya ya tarar da su kwance, harshe a waje suna haki. Aka ce ya tafa hannu ya ce, "Wannan ai zalunci ne. Dabba da bargo a wannan rana? Mutum ma in zafi ya yi, ƙwal yake aske kansa." Ya aika a kira wanzami. Wanzami ya ce askar da ke taɓa kan Musulmi ba za ta taɓa kare ba. Sai Baffa ya sa aka ɗauko masa almakashin ɗinkina da reza, ya naɗe hannun riga da kansa.

Muna ciki da mata muna amsa gaisuwa, ba mu san wainar da ake toyawa ba. Ƙanƙara ta ƙwace ta shige ɗakinka, ta maƙale a ƙarƙashin gado. Girgije kuwa, sarkin yarda da mutane, ya kwanta yana kaɗa wutsiya, a zatonsa taje ne irin naka. Da na fito na ga tulin gashi a gindin maina, na ga Girgije tsaye tsirara, fata ja-ja kamar ɗan ɓeran da aka haifa yau. A lokacin maganarka ta dawo mini, har da muryarka.

Rana ta gasa shi. Baya ya yi ƙuraje, ƙurajen suka fashe, ƙudaje suka samu wurin zama. Likitan dabbobi ya zo ya yi abin da zai iya. Girgije bai kai sadakar arba'in ɗinka ba. Na so in yi wa Baffa rashin kunyar da ban taɓa yi wa babba ba, sai na same shi zaune a bakin rumfar yana share ido da hula, yana ta maimaita, "Wallahi taimako na yi niyya." Garin neman gira aka rasa ido. Na juya na bar shi.

Daga ranar ni na ɗauki matajin. Ni Dije, mai hawa turmi. Ranar farko Ƙanƙara tana ta kallona da idanun nan kamar tana tambayata ina kake. A wajen tajewar na gane tana da ciki. Ta haihu da farkon damina, amma wahalar zafin da ta sha ta taɓa 'ya'yan, biyu kaɗai suka rayu. Da aka yaye su abokinka Ɗanjuma, wanda ya sayar maka da iyayen, ya zo daga Jos ya tafi da su. Ya ce in haɗa masa da uwar. Na ce ko kusa.

Damina ta zo da kaska. Na koyi duba cikin kunne da tsakanin yatsu, ina cirewa ina jefawa a gwangwanin kananzir. Da sanyi ya shigo, muna ƙudundune a bakin murhu, ita kuwa ta zama amarya, tana zagaye gida da gudu kamar za ta tashi sama. Na ce a raina da kana nan da ka cika mu da baki.

Abin da nake so ka sani shi ne, ba ta daina kukan la'asar ba. Babur ɗinka yana jingine a zaure, an lulluɓe shi da buhu, tayoyin sun sace. Amma lokacin yana yi za ta tashi ta fuskanci ƙofa ta ja kukan. Wani lokaci sai ta katse a tsakiya, ta fara kaɗa wutsiya, idonta yana bin wani abu a hankali daga zaure, ya ratsa tsakar gida, har ƙofar ɗakinka. Da hasken rana, Hamma, da idona na gani, ba sau ɗaya ba. Nakan yi a'uziyya. Duk da haka na sha samun kaina tsaye da buta cike da ruwa, ban san lokacin da na zuba ba.

Inna ta ce a fitar mata da ita. "Ta kira ɗaya, wa kuma take kira?" Da la'asar ta kawo kai sai ta shige ɗaki ta turo ƙofa. Na yi kunnen uwar shegu. Duk abin da ka bari a duniya, ita kaɗai ce mai numfashi, kuma ita kaɗai ba ta yarda ka tafi ba.

Sai ga bazarar bana. Makon jiya da azahar Ƙanƙara ta tashi za ta sha ruwa, ƙafafu suka ƙi, ta zube a kan yashi, harshe ya yi duhu. Na yi ta kwara mata ruwan randa a ciki da tafin ƙafa yadda kake yi, da ƙyar ta dawo. Likita ya ce mini gaskiya ɗaya ce, jikinta ya gaji, in ta zauna a Azare ba za ta ga damina ba. Ko in riƙe ta in binne ta kusa da Girgije, ko in sake ta ta rayu inda ba zan gan ta ba. Na kira Ɗanjuma ina kuka. Da na gaya wa Inna, na zaci za ta ce barka. Sai ta ci gaba da jan carbinta.

Ana gobe zai zo, na zagaya baya da bokiti don in jiƙa yashi, sai na tarar an riga ni. Inna ce zaune a kan kujerar tsugunno, da ƙwarya a hannu, tana yayyafa ruwan randar ɗakinta, wadda ko mu ba ma sha sai da izini. Ƙanƙara tana kwance, hancinta dab da ƙafarta. Inna ba ta ɗago ta dube ni ba ta ce, "Dije, kin san abin da nake yi a ɗaki in ta fara? Zama nake ina saurare. Ni an ce kada in yi. Ita ba wanda ya hana ta."

Na ce to bari in kira Ɗanjuma ya fasa. Ta girgiza kai ta ce, "A'a. Bazara ta ci mini Sule, ta ci Girgije, ya isa haka. Amanarsa ce. A kai ta inda za ta sha iska."

Da sassafe Ɗanjuma ya zo, kafin rana ta yi ƙarfi. Sai da Ƙanƙara ta je ƙofar ɗakinka ta sunsuna, sannan ta yarda ta shiga mota. Na ba shi matajin, na gaya masa maganar riga biyu, shi da ya fi ni sani. Ya karɓa bai yi mini dariya ba.

La'asar ta yi. Gidan ya yi tsit, irin shirun da ban taɓa ji ba tun da ka kawo kwalin nan. Ina zaune a bakin rumfa sai na ji kukan ya taso, dogo, mai ja. Wallahi sai da na duba kan yashi. Daga ɗakin Inna yake fitowa. Sunanka take kira, na yanka da na wasa, da wanda take yi maka kirari da shi kana goye. Maƙwabta suka shigo da gudu, wata har ta fara, "Haƙuri, Hajiya." Na tsaya a bakin ƙofa na ware hannu na ce yau dai ba mai shiga. Shekara guda tana riƙe da shi, Hamma. In har ya taɓa ka a can, ka yafe mata. Bayan ta gama ta yi alwala, ta ci tuwo, ta yi barci har da minshari.

Ɗanjuma ya ce Ƙanƙara tana cin abinci, tana guje-guje da 'ya'yanta a kan duwatsu. Ya ce abu ɗaya ne ya kasa ganewa, kullum da la'asar sai ta bar wasa ta je ta fuskanci ƙofa. Ban yi masa bayani ba.

Ni kuma har yau ina jiƙa yashin, hannuna ya riga ya saba. Tsuntsayen da ke kan maina sun yi sheƙa da farin gashi. Jiya ina kakkaɓe hulunanka na ga sili ɗaya maƙale a jikin wadda ka fi so, na mayar da ita yadda take.

Allah ya jiƙanka, Hamma Sule. Allah ya yafe maka kurakuranka, ya haskaka kabarinka, ya sa ka a inuwar da rana ba ta ratsawa. Sanyin da ka yi ta nema wa bayinsa marasa baki, Allah ya ninka maka shi. Ya ba Inna lafiya da dangana ta gaskiya, ya haɗa fuskokinmu a Aljanna. Amin.

Zan tsaya nan. Inuwar maina ta fara kaiwa bango, la'asar ta kusa, kuma yanzu Inna ba ta turo ƙofa. Bari in je in zauna kusa da ita.

Taka har kullum,
ƙanwarka Dije,
daga Azare.