Rasuwar Dakta Andi Tenri Uleng da Irin da Ta Bari a Teku

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Cikin alhini da sallamawa ga hukuncin Ubangiji, Ƙungiyar Manoman Ciyawar Teku ta 'Yan Pinrang mazauna tsibirin Nunukan ta samu labarin rasuwar uwarta kuma shugabar ɗakin renon irinta, Dakta Hajiya Andi Tenri Uleng, wadda Allah Ya yi wa cikawa ranar Talata da hantsi, bayan jinyar da ta daɗe tana ɓoye mana.

Marigayiya ta same mu ne lokacin da ciyawarmu ke yin fari tana ruɓewa a kan igiya, kowa yana ɗora laifi kan ruwa ko bakin maƙwabci. Ita ce ta faɗa mana abin da ba mu son ji: mu ne muke shanya mai kyau mu sayar, mu mayar da ragowar teku a matsayin iri, shekara da shekaru, har irin ya gaji. A gaban matan da ke ɗaurin igiya ta dubi mai wannan sa hannu ta ce, "Daeng, da kake noman shinkafa a Pinrang, wadda kaji suka ƙi ci kake ajiyewa iri? Ko ruwan gishiri ne ya shiga kan?" Har yau matan ba su gama wannan dariyar ba.

Daga nan ta zaɓi reshe mafi lafiya, ta yayyanka shi ƙanana kamar ƙwayar shinkafa, ta rene su a kwalabe cikin ɗakin da ko ni ba ta bari na shiga da takalmi, daga kwalba zuwa tanki, daga tanki zuwa kejin raga a teku. Adalci ya sa mu faɗa: zubin farko ya mutu kaf, waɗanda suka amince mata suka rasa kaka guda, kuma ba ta aiko kowa ba, da ƙafarta ta zo ta ce kuskurenta ne. Ofisoshin da suka yi mata alkawarin janareta sun zo sun ɗauki hoto da kwalabenta, ba mu sake ganinsu ba sai yau da allunan furanninsu na ta'aziyya suka cika ƙofar gidanta. Mun gode, furen ya yi kyau. Sai dai a sani, ƙanƙarar Ambo Dalle mai sayar da kifi ce ta riƙa sanyaya ɗakin duk ranar da wuta ta ɗauke.

Zubinta na ƙarshe, wanda ya fi kowanne ƙarfi, ya shiga teku makon jiya, kuma ƙananan tsiron nan sai an girgiza musu laka kullum, in ba haka ba su shaƙe su mutu, aikin shekaru ya bi ruwa. Al'adar unguwarmu kuwa, tun zuwan iyayenmu nan, jirgi ba ya fita idan an yi rashi sai bayan sadakar uku. Da muka nemi a fita duk da haka, dattawa sun yi ta ja, kuma ba mu ga laifinsu ba. Da muka kai maganar gaban mijinta, Haji Mappasessu, bai ɗago kai ba ya ce, "Daeng, ku fita. In kuka zauna min a tabarma 'ya'yan irinta suka mutu a ruwa, ku riƙe ta'aziyyarku."

Saboda haka ƙungiya ta yanke cewa jirage biyu za su fita kowace safiya a kwanakin makoki, ba tare da kunna inji ba don girmama makokin, kuma babu wanda zai shanya ko reshe ɗaya daga wannan zubi. Iri ne, za a raba shi igiya-igiya ga kowane gida, har da gidajen da suka zage ta.

Muna miƙa ta'aziyyarmu ga Haji Mappasessu, da 'yarsu Besse Rawe, da dangi na Pinrang waɗanda teku ta hana su ganin jana'izarta, kamar yadda za ta hana namu ganin tamu. Allah Ya jiƙanta, Ya haskaka kabarinta a wannan ƙasa da ba tata ba, Ya ba iyalinta juriyar rashi.

Masu fita gobe su hallara bakin ruwa bayan sallar asuba, kowa da filafilinsa na tuƙa jirgi.

Sa hannu:
La Sakka Daeng Pasolong,
Kakakin Ƙungiya.