Alamar da Papa Yake So

Porto-Novo, 9 ga Maris

Yaya Mahougnon,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan kana lafiya, ya karatu a Dakar? Mama tana gaishe ka.

Tun shanyewar jikin, hannun Papa na dama bai dawo ba. Ni nake buga masa littafinsa na lissafi da manhajar rubutu ta LaTeX a tsohuwar kwamfutarka idan na taso makaranta. Ya ce littafin ne zai nuna wa mutane cewa hannu ciwon ya taɓa, ba kai ba.

Akwai alamar layuka biyu masu tafiya tare da yake so a karkace, yadda ya saba zana ta a allo. Na same ta a wani kunshin haruffa, na shigo da kunshin duka. Jiya na kai masa shafukan. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Sènami, waɗannan alamomin ba nawa ba ne. Ko kuwa nawan ne na manta da su?"

Mama ta ce, "Malam, ka gama azabtar da 'ya'yan mutane da su, yau sun rama." Bai yi dariya ba. Ko kokonsa bai sha ba.

Yaya, me na ɓata?

Ƙanwarka,
Sènami

Porto-Novo, 2 ga Afrilu

Yaya Mahougnon,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na ga amsarka. Gaskiyarka ne, kunshin ya danne haruffan da ka saka a kwamfutar ya sauya alamomin littafin duka. Na cire shi, na ɗauko alamar ita kaɗai na ba ta suna, kamar yadda ka koya mini. Komai ya koma wurinsa.

Amma kafin amsarka ta iso, Papa ya daina faɗa mini abin da zan buga. Da na gaya masa laifina ne, sai ya ce, "Ke da uwarki kun iya lallashin tsoho."

Yau na ɗora masa sababbin shafukan a cinya. Na duba su da kyau, babu kuskure. Ya bi layi da yatsan hagu har ya kai kan alamar tasa, a karkace yadda yake so. Ya ɗago ya tambaye ni a hankali me take nufi.

Ban gaya wa Mama ba. Don Allah kada ka jira hutu, ka zo gida.

Ƙanwarka mai kewarka,
Sènami